Birnin Damagaram da Kwaikwayonsa

A gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, an gina ƙaramin ƙauye na kwaikwayo: ɗakin Bazabarme, bukkar Bafillace, tantin Buzu da soron Bahaushe. Manufar ita ce ɗalibi da baƙo su ga Nijar a fili guda.

Damagaram kuwa tana da asalin abin da ake kwaikwayo. A unguwar Birni ne Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya ƙarfafa garu, ya tara bindigogi, fatake suka riƙa sauka daga Kano da Tarabulus. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi hedkwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926. Fada da lungunan Birni sun shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006.

Amma ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. A Satumbar 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni na tsakiyar ƙarni na 19. Soron kwaikwayo na da ma'aikatan da ke gyara shi. Na gado kuwa ya dogara ga magina masu sanin tubali da makuba. Malamai da ƙungiyoyin al'adu za su yi wa Birni hidima idan suka kai yara gaban maginan nan su koyi sana'ar.