Alkamar Bakolori: Wa Ke Yanka Farashi?



Mu 'yan Bakura mun taso da labarin madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 don noman rani, musamman alkama da shinkafa. Manoman da aikin ya cinye gonakinsu sun nemi diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980.

A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, a 1987 kuma ta hana shigo da alkama. Farashi ya tashi, iyayenmu suka duƙufa da nomanta. Da aka ɗage haramcin a 1992, alkamar waje ta dawo, ta gida ta rasa kasuwa.

Duk wannan hawa da sauka, ba manomi ne ya yanka farashin ba. Amma kuɗin buhu, dako, mota zuwa kasuwar Talata Mafara da la'adar dillali, duk a jikinsa ake cira.

Wasu dattawan da suka ga zamanin suna raye. Mu tambaye su nawa aka sayi buhu, nawa ya iso gida, mu rubuta tun ƙasa ba ta rufe musu ido ba.