Daga Manzon Sarki Zuwa Jakar Kamfani: Yadda Wasiƙa Ta Yi Sauri a Kano

Kafin zuwan Turawa, wasiƙa a ƙasar Kano tafiyar ƙafa take yi, ko ta doki, ko ta raƙumi. Magatakarda ya rubuta da Larabci, a buga hatimin sarki, manzo ya sa a gafaka ya kama hanyar Sakkwato. Fatake kuwa su ne masu kai takardun 'yan kasuwa zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus, a yi watanni kafin amsa ta dawo. A wancan zamani ba a buƙatar adireshi, domin wanda aka aika ya san mai wasiƙar ido da ido.

Gidan waya na farko a Nijeriya an buɗe shi a Legas a 1852. Ya iso Lakwaja a 1899, sannan a 1900 aka fitar da kan sarki na Nijeriya ta Arewa. Amma abin da ya sauya lamarin Kano shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911. Daga nan buhunan wasiƙu suka bar kan 'yan dako suka koma tarago. Takardar da za ta Ingila sai ta bi dogo zuwa Legas, ta shiga jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster, ta ƙara kamar mako biyu a teku.

Sai sama ta buɗe. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Ingila uku suka sauka a Kano daga Masar, su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, ya haɗa birnin da hanyar Landan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen da ke tsallaka Sahara sukan yada zango a Kano su sha mai, saboda haka buhun wasiƙa daga Turai yakan riga sauka a nan kafin ya ga Legas. Abin da a da ke cin makonni ya koma 'yan kwanaki. A kan dogo ma, injinan dizal sun fara maye gurbin na gawayi daga 1955.

A daidai wannan lokaci, matsalar manyan ƙasashe ta bambanta da tamu. Su jigila ba ta dame su ba, yawan wasiƙun ne ya fi ƙarfin hannun ma'aikata. Tun a ƙarshen shekarun 1920 mutanen Holan suka ƙera wata na'ura mai suna Transorma. Ma'aikaci zai zauna, wasiƙa ta gifta ta gabansa, ya karanta adireshi ya danna lamba, na'urar ta kai ta ramin garin da za ta. Babbar irinta tana ɗaukar ma'aikata biyar da ramuka 300, tana tantance wasiƙa 15,000 a awa guda. Ingila ta kafa ta a Brighton a 1935, Amurka kuma a Silver Spring a 1957. A 1960 Amurka ta buɗe gidan wayan da aka tsara kacokan a kan na'urori a Providence.

Nan suka gano cewa na'ura ba ta san gari ba, lamba ta sani. Shi ya sa Ingila ta fara gwajin lambar yanki a Norwich a 1959, Amurka ta fito da tata mai lamba biyar a ranar 1 ga Yuli 1963. A 1965 aka sa na'urar da ke karanta adireshin da aka buga da tafireta a Detroit. Kowane mataki cikin waɗannan ya tsaya ne a kan abu ɗaya: titi mai suna, gida mai lamba, unguwa mai alama.

A Kano kuwa, aikin ya ci gaba da dogara ga ido da hannu. A babban gidan wayan da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, idan buhu ya iso sai a duba hatiminsa, a zazzage shi a kan tebur. A jera ambulan fuska ɗaya, a buga wa kan sarki hatimin rana don kada a sake amfani da shi. Sannan mai tantancewa ya tsaya gaban wani katako mai ramuka, yana jefa ta Katsina a nata, ta Gusau a nata, ta Nguru a nata. Wasiƙa mai rajista daban ake ajiye ta, sai an sa hannu a littafi kafin ta fita. Na'urar wannan ɗaki ita ce ƙwaƙwalwar ma'aikacin da ya haddace garuruwan Arewa da tashoshin jirgi da ranakun da mota ke zuwa kowace gunduma. Ya cancanci a tuna da shi, domin shi ya riƙe amanar jama'a.

Lokacin samun 'yancin kai a 1960, Nijeriya gaba ɗaya tana da gidajen waya 176 da wakilai kimanin 1,000, kuma a 1961 ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya. Aiki kuwa sai ƙaruwa yake. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a 1939, ta gidan waya take isa ga masu karatu na nesa. Da sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, wasiƙun masu sauraro suka kama hanyar Landan, daga baya katunan gaisuwa suka yi ta kwarara zuwa Rediyon Kaduna. Ɗalibai suna karatu ta wasiƙa, 'yan ci-rani suna aika kuɗi gida, marubuta wasiƙa kuma suna zaune a bakin ƙofa da biro da takarda suna jiran wanda bai iya boko ba.

Sai masana'antu suka zo da tasu buƙatar. Bompai, a yankin Nasarawa, ta cika da kamfanonin matsar man gyaɗa da jima da saƙa tun daga shekarun 1950. Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Sharaɗa da Chalawa suka bunƙasa a shekarun 1970. Kamfani ba ya rayuwa sai da takarda: odar kayan gyaran inji daga Turai, takardun banki, takardun kwastan na kayan da ke jira a Apapa, wasiƙun dillalai daga Maiduguri da Anaca. Jinkirin takarda ɗaya yana iya tsayar da inji.

Maganin da aka samu shi ne akwatin haya da jaka ta musamman, wato P.M.B. Kowane kamfani da lambarsa, kullum da safe masinja ya hau keke ko babur ya je ya ɗauko. Manyan kamfanoni har da ƙaramin injin da ke buga kuɗin aikawa a kan ambulan maimakon manna kan sarki. Dabarar ta yi aiki, amma ta juya tsarin: maimakon wasiƙa ta nemi mutum, mutum ne ke neman wasiƙa. Leburan kamfani da ke zaune a Brigade ko Dakata sai ya ba danginsa adireshin wurin aikinsa. Mutumin cikin gari kuma a rubuta masa ta hannun makarantar firamare ko mai unguwa. An kauce wa aikin sa wa lunguna suna da ba gidaje lamba, kuma wannan aiki shi ne harsashin da na'urorin ƙasashen waje suka tsaya a kai.

A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho, aka samu NIPOST da NITEL. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje suka durƙusar da masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, jakunkunansu suka daina cika. Lambar yanki mai alƙaluma shida ta zo daga baya, ta Kano tana farawa da 700, amma ta tarar da mutanen da ba su saba rubuta ta ba. Da wayar salula ta shigo a 2001, wasiƙar gaisuwa ta ja da baya.

Sai dai saƙo ne ya koma waya, kaya bai koma ba. A yau ana sayen atamfa da takalma da turare ta intanet, kuma mai babur ɗin da zai kawo su sai ya kira sau uku yana tambaya: bayan masallaci ko kusa da mai shayi? Motar asibiti da ta kashe gobara da ma'aikacin banki duk wannan tambaya suke yi. Kano ta samu saurin jigila tun da wuri, ta riga birane da yawa na Afirka. Abin da ya rage mata shi ne mai wuya amma mai araha: ƙananan hukumomi da masu unguwanni da gidan waya su zauna su ba kowane titi suna, kowace ƙofa lamba, su kuma tabbatar jama'a sun san su.