Digirin auna ma'aikaci da matan Hawthorne su biyar

A shekarar 1921, Cibiyar Fasaha ta Carnegie da ke birnin Pittsburgh a Amurka ta ba wani ɗalibi mai suna Bruce Moore digirin digirgir a wani fanni da a lokacin ko suna bai gama samu ba. Kundin bincikensa amsa ce ga wata tambaya ta kamfanin Westinghouse: cikin sababbin injiniyoyin da aka ɗauka, wa ya dace a tura sayar da kaya, wa za a bari ya zauna yana zana injina? Yawancin masu tarihin fannin suna ƙirga Moore a matsayin na farko da ya samu wannan digiri a ilimin halayyar ɗan Adam na masana'antu, ko da yake wasu na cewa Lillian Gilbreth ta riga shi, ita da ta kammala nata a Jami'ar Brown tun 1915. Mu dai abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne mai tambayar. Tun daga ranar farko mai kamfani ke kawo tambaya ya biya kuɗin binciken, ma'aikaci kuma shi ake aunawa.

Wanda ya share wa fannin hanya Bajamushe ne, Hugo Münsterberg, ɗalibin Wilhelm Wundt a Leipzig, wanda William James ya kawo Harvard a 1892. Ya gwada direbobin taragon lantarki na Boston don gano masu iya raba hankalinsu ga abubuwa da yawa a kan titi, ya kuma fitar da littafi a 1913 kan yadda wannan ilimi zai ƙara wa masana'antu kuzari. A 1915 Walter Bingham ya buɗe sashen koyar da fannin a Carnegie, shekara guda bayan haka Walter Dill Scott ya zo ya shugabanci ofishin binciken dillalan kaya, wanda kamfanoni ke zuba wa kuɗi. A nan Moore ya yi karatu. Sashen bai yi tsawon rai ba, an rufe shi a 1924, amma ɗalibansa sun bazu cikin jami'o'i da kamfanoni.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya fito da su fili. Daga 1917, ƙarƙashin jagorancin Robert Yerkes, an yi wa sojojin Amurka kimanin miliyan 1.7 gwajin basira: Alpha ga masu iya karanta Turanci, Beta mai hotuna ga waɗanda ba su iya ba. Cikin tambayoyin akwai na kayan kasuwa da wasannin Amurka, abin da baƙon da ya sauka daga jirgi bara ba shi da hanyar sani. Duk da haka, a 1923 Carl Brigham ya ɗauki sakamakon ya rubuta littafi yana jera ƙabilu, wai wasu sun fi wasu ƙwaƙwalwa. Ya janye maganarsa a 1930, bayan Amurka ta riga ta kafa dokar 1924 da ta takura wa baƙi daga kudanci da gabashin Turai.

Har zuwa nan, aikin fannin shi ne zaɓe: a auna mutum, a sa shi inda ya dace. Abin da ya karkato da shi zuwa ga zaman ma'aikata da junansu ya faru ne a wata babbar masana'anta ta kamfanin Western Electric da ake kira Hawthorne, a garin Cicero kusa da Shikago, inda dubban mutane ke ƙera kayan wayar tarho.

An fara ne da fitila. Daga 1924 zuwa 1927 injiniyoyi sun riƙa ƙara haske da rage shi don su ga ko aiki zai ƙaru. Labarin da aka daɗe ana bayarwa a ajujuwa shi ne, an ƙara haske aiki ya ƙaru, an rage haske aiki ya sake ƙaruwa. Daga nan, a watan Afrilun 1927, aka ware mata biyar masu haɗa wata 'yar na'ura ta sada layukan waya, tare da ta shida mai miƙo musu kayan haɗi, aka sa su a ɗaki na daban. Kowace na'ura tana da ɓangarori sama da talatin, ana kuma gama ta cikin kamar minti guda. Duk wadda aka gama sai a jefa ta cikin wani rami, wani inji ya huda takarda ya ƙirga. Akwai mutum a ɗakin yana rubuta abin da ke gudana, har da hirarsu. Aka ba su hutun minti biyar, aka mai da shi goma, aka kawo abin taɓa baki, aka rage awannin aiki, aka soke aikin Asabar. Kusan kowane sauyi, aiki sai ya hau. A 1928 aka janye duk waɗannan gata aka koma tsarin farko, jimillar aikin mako kuma ba ta faɗi ba. Abin da kowace mace ke haɗawa a mako ya tashi daga kimanin 2,400 zuwa kusan 3,000.

Elton Mayo, ɗan Ostireliya da ke koyarwa a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya fara zuwa Hawthorne a 1928, bayan gwajin ya yi nisa. Shi ya ba labarin fassarar da ta zagaya duniya: matan sun dage ne saboda an kula da su, an saurare su, sun zama ƙungiya mai jin kanta. Littafinsa na 1933, da wanda Fritz Roethlisberger da William Dickson suka fitar a 1939, sun zama abin karantarwa ga duk mai neman babban digiri a fannin. Fassarar ta yi wa masu kamfani daɗi, kuma ba wuya a gane dalili. Saurare ya fi ƙarin albashi araha.

Sai dai akwai abubuwa biyu da labarin aji kan tsallake. Na farko, an sauya wa matan tsarin biya tun a farkon gwajin. A da, ana lissafa ladansu ne bisa aikin sashe guda mai mutum wajen ɗari, inda ƙoƙarin mutum ɗaya ke ɓacewa. A sabon ɗakin kuwa lissafin ya koma kan su kaɗai, don haka duk wadda ta ƙara sauri tana ganinsa a aljihunta. Na biyu, a farkon 1928 an fitar da biyu daga cikin biyar ɗin, aka ce sun cika surutu kuma ba su ba da haɗin kai, aka kawo wasu biyu. Ɗaya daga cikin sababbin ta rasa mahaifiyarta ba da jimawa ba, nauyin gida ya dawo kanta, ita ce kuma ta zama mafi sauri, tana zaburar da sauran. A gwajin mutum biyar, in ka cire biyu masu jan ƙafa ka sa biyu masu zafin nama, me ya rage da za a kira gwaji? Alex Carey ya yi wannan suka a 1967, bayan kusan shekara arba'in ana koyar da labarin a matsayin tabbas.

Fitilar ma ba ta tsira ba. An ɗauka bayananta sun ɓace, har masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da John List, suka gano su a ɗakunan ajiyar littattafai, suka wallafa nazarinsu a 2011. Ashe ranar Lahadi ake sauya hasken, lokacin da masana'anta ke rufe. Ran Litinin aiki ya fi na Asabar, sai a ce haske ne. Da suka duba makonnin da ba a taɓa fitila ba, sai suka ga Litinin kullum tana fin Asabar.

A ganinmu, ɓangaren Hawthorne da ya fi ƙima shi ne wanda ba a cika ambata ba. Tsakanin 1931 da 1932 an zuba ido kan maza goma sha huɗu masu haɗa wayoyi a wani ɗaki. Su ma an kula da su, amma aikinsu bai motsa ba. Sun yanke wa kansu iyakar abin da za a yi a rana, wanda ya zarce kuma ya sha baƙar magana ko naushi a dantse. Lokacin karayar tattalin arziki ne, ana ta sallamar mutane, suna kuma tsoron in sun nuna za su iya fin haka, a rage farashin aiki ko a kori wasunsu. Masu binciken sun fi karkata ga ɗaukar wannan a matsayin abin zuciya da al'adar ƙungiya. Mu kuwa lissafi muke gani, kuma lissafin bai kuskure ba: a 1932 rashin aiki ne ya kawo ƙarshen binciken kansa. Ba banza ba masanin tarihi Loren Baritz ya sa wa littafinsa na 1960 kan irin waɗannan masana suna The Servants of Power, wato barorin masu iko.

Kotu ce ta tilasta wa fannin ya tsaurara. Kamfanin lantarki na Duke Power a jihar North Carolina ya sa sharaɗin shaidar kammala sakandare da cin gwaje-gwajen basira kafin a shiga sassan da suka fi albashi, abin da ya bar baƙaƙen fata a sashen leburanci. A 1971 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Griggs, ta yanke cewa gwajin da ke tankaɗe wani jinsi dole a nuna yana da alaƙa da aikin da za a yi. Daga nan kamfanoni suka shiga neman wanda zai iya tabbatar da haka da alƙaluma. A 1973 sashen fannin a ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ya ƙara kalmar tsarin ma'aikata a sunansa, aka haɗa gadon Moore da na Mayo a inuwa guda. Shi ya sa ɗalibin da ya shiga digiri na biyu ko na digirgir a yau, yana zaton zai koyi karanta zukata, yakan tarar da ƙididdiga ce ta cika jadawalin: yadda ake fayyace abin da aiki ya ƙunsa, yadda ake gane ko gwaji yana auna abin da aka ce yana aunawa, da ko yana cutar da wani rukuni.

Aikin zaɓen da Moore ya yi da takarda da fensir yanzu ya faɗo hannunmu, mu masu rubuta manhajar kwamfuta, kuma yawancinmu ba mu taɓa zama a wannan aji ba. Mukan ɗauki bayanan waɗanda aka ɗauka a baya mu koya wa na'ura, ita kuma ta kwaikwayi abin da ta gani. A watan Oktoban 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya yi watsi da wata manhaja ta tantance masu neman aiki, wadda aka horar da takardun neman aiki na shekara goma, galibinsu na maza. Manhajar ta koyi rage maki ga takardar da kalmar mata ta bayyana a cikinta, har da ta wadda ta rubuta cewa ta shugabanci ƙungiyar wasan dara ta mata.