Wa za a kora daga memori? Rigimar da ta faro daga Manchesta

Yau tarihi zan ba ku, na wata tambaya da kwamfutarku take amsawa ba ku sani ba: idan memori ya cika, kuma ana buƙatar wuri, wane shafi za a fitar?

Mu koma Jami'ar Manchesta a Ingila, shekarar 1962. Tom Kilburn da abokan aikinsa sun ƙera kwamfuta mai suna Atlas. Memorinta mai sauri ƙarami ne, shafi 32 kawai yake ɗauka, kowane shafi kalma 512. Sauran bayanai suna ajiye a kan wata ganga mai maganaɗisu, wadda ta fi girma amma ba ta da sauri. Dabararsu ita ce injin ya riƙa kai da kawo da kansa. To amma kafin a shigo da sabon shafi, dole wani ya fita. Idan aka fitar da wanda za a nema nan da ɗan lokaci, an yi asara, sai an sake jiran ganga. Sai suka rubuta ƙaramar manhaja da ke lura da tsawon lokacin da kowane shafi ya yi ba a taɓa shi ba, tana hasashen yaushe za a dawo kansa.

A 1966 László Bélády, ɗan Hangari da ke aiki a IBM, ya fito da amsar da ba a iya wuce ta: a fitar da shafin da za a fi daɗewa ba a nema ba nan gaba. Kun ga matsalar ko? Sai ka san gaibu. Babu kwamfutar da za ta iya, amma a ganina nan ne aikinsa ya yi amfani, don ya zama mudun da ake auna kowace dabara da shi.

Shi ɗin ne kuma, tare da abokansa biyu, ya nuna wani abin mamaki a 1969. Ɗauki dabarar layi, wato wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Nemi shafuka a jere haka: 1, 2, 3, 4, 1, 2, 5, 1, 2, 3, 4, 5. Da gurbi uku, sau 9 za ka rasa shafin da kake nema. Ƙara gurbi ya zama huɗu, sai ya koma sau 10. An ƙara memori, aiki ya ƙara lalacewa! Ku gwada da biro da takarda, ba zai ci minti biyar ba.

Korar wanda ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba ba ta da wannan ciwon, sai dai bin diddigin kowace taɓawa yana da tsada. Fernando Corbató na aikin Multics ya bayyana mafita a 1968. A jera shafuka kamar fuskar agogo, kowanne da alama ɗaya da ke kunnuwa idan an taɓa shi. Hannun agogo yana zagayawa. Ya tarar da alama a kunne, sai ya kashe ta ya wuce, an yi wa shafin afuwa ke nan. Ya tarar da ita a kashe, wannan shi za a kora.

Linux ya daɗe yana raba shafuka layi biyu, masu aiki da masu zaman banza. Sai a Disamba 2022, a Linux 6.1, aka shigo da sabon tsari daga injiniyoyin Google, wanda ke kasa shafuka rukuni-rukuni gwargwadon yaushe aka taɓa su, a fara kora daga rukunin da ya fi tsufa.