Ilmin Injiniya da Bukatar Kudancin Katsina

A kudu maso yammacin ƙasar Katsina, wajen iyaka da Zamfara da Kaduna, akwai Ƙanƙara, inda Sarkin Pauwa ya ke, da Faskari ta Sarkin Yamma, da kuma Sabuwa. Ƙasa ce mai albarka, ruwan sama ya fi sauka a cikinta bisa ga arewacin Katsina, saboda haka tun da daɗewa aka san ta da dawa da auduga, daga baya kuma da masara. Wanda ya bi labarin ayyukan da aka yi a wannan yanki cikin shekara ɗari da suka wuce zai ga abu guda: ba a taɓa samun wani babban aiki wanda gwanin fanni ɗaya ya iya gamawa shi kaɗai ba. Amma makarantun da su ke horar da injiniyoyi sun raba ilmin kashi kashi, kowane ɗalibi da nasa. Yadda wannan rabo ya samo asali, da yadda a ke neman sāke haɗa shi, shi ne abin da za mu bi a nan.

Kafin zuwan Turawa ba a rasa masu gwanintar hannu a ƙasar Hausa ba. Maƙeri na da shi ke neman tama a daji, ya gina murhu, ya ƙona gawayi, ya narka ta da zugazugi, sa'an nan ya ƙera fartanya da gatari da garma. Ya san irin garmar da ta dace da jigawa da wadda ta dace da laka, domin shi ma manomi ne. Haka magini: ya san ƙasar da ta ke yin tubali, da azarar giginya wadda gara ba ta ci, da makubar da ta ke kare bango daga ruwa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, shi ne mai tsara fasalin, shi ne kuma mai lissafin nauyin da bakan gizo zai ɗauka. Iyakar wannan ilmi ita ce gado a ke yinsa, ba a rubuta shi, kuma ɗan maƙeri ba shi da zaɓi sai ƙira.

A 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, ya sa sashen sana'a a cikinta, ana koyon sassaƙa da ƙira da dukanci. Amma Gwamnatin wancan zamani malaman makaranta da akawuna ta fi bukata. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗewa a 1922, don horar da malamai aka kafa ta, ita ce ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Aikin injiniya kuwa na Turawa ne. Ɗan ƙasa iyakarsa ya zama kafinta, ko makanike, ko helimanin hanya a En'e.

A cikin waɗannan shekaru ne auduga ta kawo injuna kudancin Katsina. An shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen a 1912, ya karɓi ƙasar ƙwarai. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru kusa da Zariya, kuma a cikin shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, ƙasar Faskari, inda a ke ninka irin da aka zaɓa kafin a raba wa manoma. Kamfanin Ingila mai sayen auduga ya kafa injin gurza a Funtuwa. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Shekara guda kafin wannan, watau 1928, aka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu.

To, a duba abin da buhun auduga guda ya ke bukata kafin ya bar Daudawa ya isa bakin teku. Sai da masanin iri, da masanin ƙasa, da mai gyaran garma, da mai yin hanya da kwalbati don kada damina ta yanke kasuwa, da mai kula da injin gurza da matsar dila, da mai lissafin taragu. In ɗaya ya kasa, wahalar sauran ta tashi a banza, manomi kuwa shi ke ɗaukar hasara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma dole a sami wanda ya san siffar jinkar duka, in ba haka ba kowa ya ja nasa gefe.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ga ba makawa sai an horar da 'yan ƙasa. A 1952 aka kafa Kwalejin Nijeriya ta Fasaha da Kimiyya da Sana'a, mai rassa a Zariya da Ibadan da Enugu, kuma reshen Zariya ne aka ba koyar da injiniyanci, ɗalibai suna neman digirin Jami'ar London. A 1956 aka buɗe makarantar koyon sana'a ta Kaduna, wadda ta zama babbar kwalejin fasaha a 1968. Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ta gāji kwalejin Zariya da tashar Samaru gaba ɗaya.

Tsarin da aka gada na Ingila ne, mai sassa uku: injiniyan gine-gine da hanyoyi, injiniyan injuna, da injiniyan lantarki. Wannan rabo yana da dalili. Ƙasa tana gab da samun mulkin kai, Turawa suna tafiya, kujerunsu a Ma'aikatar Ayyuka da Reluwe da Hukumar Lantarki suna jiran masu hawa. Kowane sashe na makaranta yana fuskantar ofis guda na Gwamnati. A 1970 aka kafa majalisar yi wa injiniyoyi rajista, wadda a ke kira COREN, ita ma ta bi wannan rabo wajen amincewa da karatu. Da haka ganuwar da ke tsakanin fanni da fanni ta ƙara tsawo.

Aikin gona ne ya fara fasa ta. A cikin shekarun 1970 jami'ar Zariya ta buɗe sashen injiniyan aikin gona, wanda ɗalibinsa ya ke ɗebo ilmin injuna, da na ruwa, da na gini, da na ƙasa da tsirrai, ya haɗa su digiri guda. A 1975 kuma aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe, ya haɗa da gundumomin Ƙanƙara da Faskari. An yi hanyoyin karkara, da ƙananan madatsun ruwa, da cibiyoyin sayar da taki da iri. Daga nan ne masara, wadda da a bayan gida a ke shuka ta don gasawa, ta zama amfanin gona na sayarwa har ta cika gonakin Faskari da Sabuwa. Shirin ya kuma nuna wani darasi mai ɗaci, wanda aka gani a wurare da yawa a Afirka: sayen tarakta ya fi riƙe ta sauƙi, gama injin da babu mai gyara shi kusa, babu kayan gyaransa a kasuwa, ba ya daɗewa sai ya koma mazaunin kaji.

Ƙanƙara tana da nata misali. Allah ya ajiye mata farar ƙasa mai kyau, irin wadda a ke yin tangaran da fenti da alli da takarda da ita. Masu bincike a sashen harhaɗa sinadarai na jami'ar Zariya sun daɗe suna gwada ta, har suna fitar da sinadarin da a ke tace man fetur da shi. Amma tsakanin ramin haƙa da masana'anta akwai tafiya: a auna yawanta a ƙarƙashin ƙasa, a tsare ramin kada ya rufta da masu haƙa, a sami ruwan wanke ta, da wutar gasa ta, da hanyar fitar da ita, a kuma san farashin da za ta yi riba. Wannan aikin fanni biyar ne ko shida. Muddin ba a haɗa su ba, ɗanyarta za a riƙa lodawa a mota da araha, ribar sarrafawa ta tafi wani gari.

A wasu ƙasashe an daɗe da neman maganin wannan. Charles Eliot, wanda ya zama shugaban Jami'ar Harvard ta Amurka a 1869, shi ne ya yaɗa al'adar barin ɗalibi ya zaɓi darussansa. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, ɗalibin injiniya ya kan yi shekara biyu yana karanta dukan fannoni kafin ya ware ɗaya. Kwalejin Olin ta Amurka, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko na digiri a 2002, ta yarda ɗalibi ya tsara fannin da zai ƙware a kai da kansa, malamai su duba su amince. A duk waɗannan wurare ba a sakar wa yaro linzami haka kawai ba. Sai ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau tukuna, sa'an nan a ba shi zaɓi.

Masu sukar wannan tsari su kan ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma maganarsu tana da nauyi. Gada ba ta san uzuri ba. In wanda ya lissafa ƙarfenta ɗan taɓa ka lashe ne, ran da kogi ya kawo za ta tafi da mutane. Har wa yau, a Nijeriya wanda ya yi karatun da majalisar injiniyoyi ba ta amince da shi ba zai sha wuyar samun rajista, ya ɓata shekara biyar da kuɗin iyayensa. Saboda haka sauyin a hankali ya ke zuwa. A watan Disamba na 2022 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin karatu, ta riƙe kashi 70 cikin ɗari a matsayin tushen da kowa zai yi, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika bisa ga bukatar yankinta. Jami'a aka ba wannan zaɓi, ba ɗalibi ba, amma ƙofa ce. Ɗalibi kuma yana da nasa ƙofofi: darussan zaɓi, da watannin koyon aiki a masana'anta, tsarin da aka fara a 1973, da aikin binciken shekarar ƙarshe. Yaron Sabuwa mai karatun lantarki yana iya ɗaukar darasin ban ruwa, ya yi bincikensa a kan famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Na Faskari mai karatun injuna yana iya sa hankalinsa ga injin casar masara wanda maƙerin kasuwa zai iya gyarawa.

Sai dai duk wannan yana rataye ne ga makarantar ƙasa. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kwashe ɗalibai fiye da 300, ba a sako su ba sai bayan kwana shida. Irin waɗannan yara ne za su cika azuzuwan injiniya a Zariya da Katsina da Dutsin-Ma. Jihar da aka kafa a 1987 ta sami jami'o'in da kakanninsu ba su yi mafarki ba, kuma aikin da ke jiransu a gona da rami da madatsa bai ragu ba. Abin da ya wajaba ga hukuma shi ne ta tsare yaron har ya isa jami'a, ga jami'a kuma ta duba bukatar ƙasar da ya fito sa'ad da ta ke tsara masa karatu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa ilmin ya amfani masu shi da ƙasarsu.