Daga Sim Na Dubu Ashirin Zuwa Tsadar Data: Tarihin Kuɗin Shiga Soshiyal Midiya A Najeriya

Yau za mu ɗan ajiye saitin waya mu taɓa tarihi. Ana yawan cewa Facebook da WhatsApp kyauta ne. Eh, buɗe asusu kyauta ne, amma kafin ka kai ga buɗewar sai ka sayi waya, ka sayi layi, ka sa data, ka yi caji. Waɗannan huɗun su ne kuɗin ƙofa, kuma tun farko su ke tantance wanda zai shiga da wanda zai tsaya a waje.

Kafin 2001 wayar tarho a ƙasar nan ta NITEL ce, kuma layukan duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane lasisi dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ai dole ya fanshe, to a jikin masu saye aka fanshe. Sim kaɗai ya kai naira 20,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a jihohi yake naira 5,500. Wato albashin sama da wata uku kenan, ba ka ma sayi wayar ba tukuna. Kira kuma naira 50 ne a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Shi ya sa masu kiran kuɗi a ƙarƙashin lema suka cika bakin titi, filashin kuma ya zama yaren talaka.

Glo ce ta fasa wannan ƙwai a watan Agustan 2003, da ta zo da lissafin sakan-sakan. Nan da nan sauran suka bi sahu, gasa ta kankama, farashin sim ya yi ta gangarowa har ya dawo 'yan ɗaruruwa.

Intanet kuwa labarinta daban. Lokacin da aka ƙirƙiri Facebook a 2004, mai son intanet a nan sai ya je kafe ya sayi awa, shafi ɗaya yana buɗewa kamar ana jan ruwa a rijiya mai gaba dubu. Dalili shi ne babbar igiyar ƙarƙashin teku da ta haɗa mu da duniya guda ɗaya ce, SAT-3, tana hannun NITEL, da yawa kuma ta tauraron ɗan'adam suke samun sabis, mai ɗan karen tsada. Sai a 2010 Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas, WACS ta biyo baya a 2012. Daga nan data ta fara sauka.

A wannan tsakanin ne matasa suka rabu gida biyu. Masu hali suna riƙe da BlackBerry, suna biyan kuɗin BIS duk wata, ana musayar PIN ana yanga. Sauran jama'a kuma suna kan Nokia mai Java, da Opera Mini da 2go. Me ya sa waɗannan biyun suka karɓu haka? Opera Mini tana matse shafi a kwamfutocin kamfaninta kafin ta turo maka, sai ya ci data kaɗan. 2go kuma, da aka yi a Afirka ta Kudu, kusan rubutu ce zalla, da katin naira ɗari sai ka kwana kana hira. Da yawa daga cikinmu ta nan muka fara sanin soshiyal midiya.

Sai kamfanin Transsion na China ya shigo da Tecno da itel da Infinix: sim biyu, batir mai daɗewa, farashi daidai aljihu. Android ta cika Farm Centre da Beirut Road a Kano, mai shayi da ɗan acaɓa suka hau WhatsApp. Facebook ma ta gane inda matsalar take, ta fito da Facebook Lite a 2015 saboda ƙananan wayoyi, a 2016 kuma ta haɗa kai da Airtel aka kawo Free Basics, inda kake shiga wasu shafuka ba da data ba.

To amma fa ƙofar ba ta tsaya a buɗe haka ba. Na farko, soshiyal midiya ta koma bidiyo, kuma datar da za ta kai ka mako kana rubutu, TikTok zai lashe ta kafin la'asar. Na biyu, manhajoji suna barin tsofaffin wayoyi a baya. WhatsApp ta daina aiki a BlackBerry a ƙarshen 2017, ta bar Nokia S40 a ƙarshen 2018, a watan Oktoban 2023 kuma ta bar duk Android da ba ta kai 5.0 ba. Wayarka lafiyarta ƙalau, amma an rufe mata ƙofa.

Na uku shi ne dala. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Waya da sikirin da batir duk daga waje ake shigo da su, don haka komai ya bi dala. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma sabuwar Android mafi sauƙi tana iya cinye shi duka har ta nemi ciko. A watan Janairun 2025 kuma NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mu da ke teburin gyara muna ganin abin ƙuru-ƙuru: mutum ya ji kuɗin sikirin, ya yi shiru, ya ce a cire masa sim ɗinsa ya koma rakani-kashi.

Kuma wanda ya koma ƙaramar waya yau, asararsa ta wuce ta hira. Matar da ke tallan turaren wuta da atamfa a status ta rasa shagonta. Ɗalibi ya rasa sanarwar da ake turawa a guruf ɗin aji. Na ƙauye kuma, bayan data, sai ya biya mai janareta kuɗin caji.

Idan kun lura, duk lokacin da talaka ya samu shiga, ɗayan biyu ne ya faru: ko dai gasa ta karya farashi, ko wani ya ƙera abu daidai ƙarfinsa. Kafin a sake samun irin wannan, mu riƙe abin da ke hannunmu da kyau. Ku kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, ku kunna Data Saver, ku yi amfani da manhajojin Lite, sannan ku sa wa waya gilashin kariya da kondo, don kuɗinsu bai kai ko kusa da na sikirin ba.

Ku fa, da wace waya kuka fara shiga soshiyal midiya, kuma nawa kuka saye ta? Allah Ya hore mana, Ya sa mu amfana da abin da muke saya.