ZARE: Motar talla da ta koma makarantar koyon aikin hannu 🧵

1/
Duk wanda ya taso a unguwa irin tamu ya san motar kara da motar langa-langa: taya daga tsohon silifa, fitila murfin kwalba, sitiyari dogo har ƙugu. To yaran Amurka na shekarun 1960 ma sun yi tasu, sai dai su a kwali ake sayar musu da ita gunduwa-gunduwa. Yau tarihinta za mu bi. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama.

2/
Ga wanda bai taɓa gani ba: kwali ne za ka buɗe ka tarar da mota ta roba a wargaje. Bodi daban, inji daban, kujeru, salansa, sitiyari, kowanne maƙale a jikin sandunan roba. Kai za ka yanko, ka goge, ka manna da gam, ka yi fenti. Ni dai motar haɗi nake ce mata.

3/
Kowace tana da ma'auni. In ka ga 1/25 a jikin kwali, ana nufin an rage motar gaske sau 25. Mota mai tsawon mita 5 sai ta dawo santimita 20, ta zauna a tafin hannu biyu. Amurkawa sun fi riƙe 1/25, Japan da Turai kuma 1/24. Ku riƙe wannan 1/25 ɗin, akwai dalilinsa.

4/
Tun kafin roba, kamfanin General Motors ya gane amfanin yaro mai sassaƙa. Daga 1930 zuwa 1968 ya riƙa shirya gasar Fisher Body Craftsman's Guild. Da farko keken doki na sarauta ake sassaƙawa, daga baya aka ce kowane yaro ya ƙirƙiro motar da ke kansa, ya fito da ita da katako ko makamancinsa. Ladan kuwa kuɗin karatun jami'a.

5/
Ba wasa ba ne fa. Chuck Jordan ya ci gasar a 1947. Wannan matashin shi ne ya zama shugaban sashen zanen motoci na General Motors gaba ɗaya a 1986. Amma sassaƙa aiki ne na wata da watanni, sai mai haƙuri da kayan aiki. Yawancin yara sai dai kallo.

6/
Abin da ya buɗe wa kowa ƙofa daga wajen dilolin mota ya fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin Detroit suna sauya fasalin mota kusan kowace shekara. Dila ba zai iya jera kowane launi a shagonsa ba. Sai aka fara ƙera ƙananan motocin talla, a dora a tebur, mai saye ya ga launi da siffa, wani lokaci a ba ɗansa ya tafi da ita gida.

7/
A 1948 aka kafa AMT a jihar Michigan don wannan sana'a. Cikakken sunan Aluminum Model Toys ne, domin motarsu ta farko, ƙirar Ford, da alminiyon aka zuba ta. Ba a jima ba suka koma roba, sunan dai ya zauna. Yawancin motocin tallan nan a 1/25 ake yin su. Kun ga inda ma'aunin ya samo asali.

8/
Robar farko, wadda ake kira asitet, tana da ciwo guda: in ta kwana biyu sai ta lanƙwashe. Har yau in ka ga motocin talla na shekarun 1950 a hannun masu tarawa, za ka ga wasu bodin ya murɗe kamar an bar ta a rana. Da aka koma robar sitirin sai aka huta. Ita ba ta murɗewa haka, kuma gam yana kama ta da kyau.

9/
A can Kalifoniya kuma, Revell na Lewis Glaser ya fito da jerin Highway Pioneers a farkon shekarun 1950: tsofaffin motocin farkon ƙarni, irin su Ford Model T, a ma'aunin 1/32. Sun yi kasuwa sosai. Sai dai haɗi ne na bin umarni. Abin da ke jikin kwali, shi za ka fitar, ba ƙari ba ragi.

10/
Sai 1958. Nan ne zuciyar labarin. AMT da ɗan'uwansa SMP suka ɗauki motocin tallan shekarar, irin su Ford, Buick, Pontiac, Edsel da Chevrolet, suka zuba su a kwali ba a haɗe ba. Sannan suka ƙara tarkacen da motar gaske ba ta zo da su ba: fitilun ƙari, marufin taya, eriya, sitika mai zanen harshen wuta, lambobin tsere.

11/
Suka rubuta "3 in 1" a kwalin, wato uku cikin ɗaya. Ka ga dama ka haɗa ta yadda ta fito daga kamfani. Ka ga dama ka yi mata kwaskwarima. Ka ga dama ka mai da ita ta tsere. Kuɗinta bai kai dala 2 ba. A karon farko an miƙa wa yaro ɗan shekara 12 motar bana, aka ce masa: kai za ka yanke hukunci.

12/
Wannan 'yar dabara ita ta sauya komai. Motar da aka ƙera don ta tallata abin da Detroit ta zaɓa, sai ta zama wurin da yaro ke gyara wa Detroit zane. Na 1958 ɗin ko inji babu, bonet a rufe yake. Ba a daɗe ba aka fara sa inji, musamman da jerin Trophy Series, wanda Ford ta 1932 ta buɗe.

13/
Me ya sa abin ya kama haka? Saboda lokacin manyan yayyensu suna can gareji suna yi wa motar gaske irin wannan aiki: a yanke ginshiƙai a sauko da rufi, a kwantar da mota ta kusa taɓa ƙasa, a cire ado a shafe gurbinsa. Ƙane ba shi da lasin, ba shi da kuɗin mota. Amma yana da reza, da gam, da teburin ɗakinsa.

14/
Sai yara suka koma fanel bita a zaune. Ƙaramin zarto a rage tsayin rufi. Fotin cike rami a toshe maɗaurin. Sanfefa a bi a goge har sai yatsa bai ji gaɓa ba. Zaren ɗinkin uwa ya zama wayar fulogi. Injin wannan kwali a dasa shi a bodin wancan. Tarkacen da ya rage a adana a gwangwani, don wata rana.

15/
Gam ɗin ma ba manna yake kamar na takarda ba. Narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su haɗe su zama ɗaya, tamkar walda. Shi ya sa ɗigo ɗaya a gilas ya gama da shi. Ni kaina motata ta farko haka na yi mata: gilashin gaba ya yi fari fat, ga hoton yatsana a tsakiya. Wallahi har yau in na tuna sai na yi dariya.

16/
Fenti kuwa shi ne inda ake gane gwani. A wanke bodi da sabulu, a fesa fentin ƙasa, a goge, sannan launi, shafi siriri bayan siriri. Mai gaggawa ya fesa da kauri, fenti ya zubo kamar hawaye. Launin da ya haukata su lokacin shi ne "candy": a sa ruwan zinare ko azurfa a ƙasa, a bi da ja mai shara-shara, haske ya shiga ya dawo.

17/
Ƙananan kwalaben fentin da gam ɗin, yawanci na Testors ne ko Pactra. Testors na garin Rockford ne a jihar Illinois, kuma asalinsa gam ɗin gyaran takalmi yake yi. Mujallu irin su Car Model da Model Car Science suka fito a farkon shekarun 1960 suna koyar da dabaru, ana shirya gasa a shagunan unguwa har zuwa matakin ƙasa.

18/
Kamfanoni suka shiga farautar mashahuran masu kwaskwarimar mota. AMT ya ɗauko George Barris, ya fitar da Ala Kart. Revell ya ɗauko Ed Roth, wanda ake wa laƙabi da "Big Daddy", mai motocin Outlaw da Beatnik Bandit da ɓeran nan Rat Fink. Senti ɗaya ake ba shi a kowane kwali, amma a 1963 ya tashi da dala 32,000. Ku yi lissafin kwalayen da kanku.

19/
Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Red Baron, zanen Tom Daniel da Monogram ya fitar a 1968: ƙaramar mota da hular kwanon sojan Jamus a matsayin rufi. Babu irinta a titi. Da ta yi kasuwa, sai aka je aka ƙera ta gaske don nunawa a bajekolin motoci. Da, ƙarama ke kwaikwayon babba. Yanzu babba ta koma bin ƙarama.

20/
Amma akwai duhu a labarin. Gam ɗin yana da sinadarin da in an shaƙa yake juya kai. Mu nan mun san abin da sholisho ya yi wa yaranmu, to kusan haka. A 1959 jaridar Denver Post ta buga labarin yara masu shaƙar gam. Cikin 'yan shekaru tsoro ya game ƙasa, garuruwa da jihohi suka yi dokar hana sayar wa yara.

21/
Marubuci Edward Brecher, a littafinsa na 1972, ya kawo hujjar cewa yawan kururuwar gargaɗin ita ta tallata ɗabi'ar ga yaran da ba su ma san da ita ba. A ƙarshen shekarun 1960 Testors ya zuba man mastad a gam ɗinsa, mai yaji a hanci, don kada a iya shaƙa. Amma tabon ya riga ya zauna, iyaye da yawa sun fara kallon kwalin da wani ido.

22/
Sai abubuwa suka taru. Rikicin mai na 1973 ya tsadar da roba, tunda daga man fetur ake samunta. Motocin Detroit na lokacin suka rage armashi. Kamfanonin mota suka ja baya da odar motocin talla, alhali kuɗin tallan ne ke ɗaukar nauyin sassaƙa ƙarfen zubi. Ga wasan bidiyo ya shigo. A 1986 Revell da Monogram, tsofaffin kishiyoyi, suka koma inuwa ɗaya.

23/
Ga wata asara da ba ta gyaruwa. Ƙarfen zubin yana da tsada, don haka in shekara ta juya sai a sake sassaƙa na bara ya zama na bana. Wasu kuma aka yanke su aka mai da su motar tsere. Da zarar an yi haka, tsohuwar siffar ta tafi. Shi ya sa wasu kwalayen da ba su kai dala 2 ba yau masu tarawa ke rububinsu.

24/
Yayin da Amurka ke sanyi, Japan ta ɗauka. Yankin Shizuoka tun da can wuri ne na masu aikin katako, kuma nan Tamiya, Aoshima, Hasegawa da Fujimi suke. Tamiya ma da sana'ar katako ya fara a 1946, kafin ya koma roba wajen 1960. Su ba tarkacen kwaskwarima suka sa a gaba ba. Daidaito suka bi, kowane ɓangare ya shiga gurbinsa cif.

25/
Misali: da za su fitar da Porsche 934 a ma'aunin 1/12 a 1976, Shunsaku Tamiya sai da ya sa aka sayi Porsche 911 ta gaske, aka kwance ta ƙusa-ƙusa aka auna. Kai jama'a! Mota sabuwa a wargaza ta don a ƙera abin wasa. Amma daga nan duniya ta daina ce wa abin wasan yara kawai.

26/
'Yan'uwa na Nijar, ga taku. Cikin kwalayen Tamiya akwai Peugeot 405 T16, rawaya, wadda Ari Vatanen ya ci tseren Paris-Dakar na 1990 da ita. Tseren ya ratsa Nijar, har Agadas. Wato akwai mutane a Tokyo da Landan da suka zauna da burushi suna shafa wa ƙaramar mota ƙurar hamadarmu, don ta yi kama da gaske.

27/
Yau fa? Yaran 1960 sun tsufa, kuma da yawansu sun dawo teburin. Kamfanin Round 2 a jihar Indiana yana riƙe da sunan AMT da MPC, yana tono tsofaffin ƙarafan zubi yana sake fitarwa, har da zanen kwalin da. Abin da ya ɓace kuma, masu na'urar ɗab'i ta 3D suna zana shi a kwamfuta su fitar a gida.

28/
Abin da na ɗauka a tarihin nan: ba roba ce ta yi aikin ba, ba kuma talla ba. 'Yan tarkacen nan ne da aka ƙara a kwali a 1958, aka bar wa yaro zaɓi. Wanda ya yanke rufi ya ɓata, ya sake, ya koyi awo, ya koyi haƙuri, ya gane yadda inji ke zama a shasi tun bai taɓa riƙe sifana ba.

29/
Mu kuwa namu ko kwali babu, ko takardar umarni. Daga kara da gwangwanin madara yaro ke fitar da tirela har da tayar safaya. General Motors kuɗin jami'a ya riƙa biya don ya gano irin wannan yaro. Mu sau da yawa tsawa muke masa, wai yana tara shara a tsakar gida.

30/
In ka ga ƙanenka ko ɗanka yana lanƙwasa waya, ka tsaya ka tambaye shi wace mota ce. Ka ba shi filaya da ragowar fenti, ka ja masa kunne kan reza da warin gam. Nan zan tsaya. Wa ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa a cikinku, kuma da me kuka yi taya? Mai hoto ya ajiye mana a ƙasa.